Taɓaryar Zinatu da Dusar Farfesa

A shekarar da man fetur ya yi tsada har Turawa suka koma kunna kyandir, mu kuma gwamnatinmu ta rasa inda za ta kai arziki, aka turo Malam Nata'ala Landan kwas na wata tara a kan ilimin ruwa. Kafin nan shekararsa goma sha ɗaya yana malamin auduga a fulotin Funtuwa, inda manoma ke kawo kayansu a saya. Shi ke duba auduga, shi ke sa a danna buhu, shi ke ɗora shi a sikeli. Yadda aka yi ya tsallaka daga auduga zuwa ma'aikatar ruwa, daga can kuma zuwa cikin jirgin sama, wannan sai a tambayi kawunsa da ke hedkwata.

Kwalejin tana unguwar Bloomsbury, a tsakiyar Landan. Malamin da aka haɗa shi da shi wani dattijon Bature ne mai ciwon gwiwa, wanda ɗalibanmu suka raɗa wa suna Farfesa Mai Lofe. Shi wannan bawan Allah ba shi da wani buri a duniya da ya wuce ya gano yadda dusar ƙanƙara ke kwanciya a kan dutse. In ta zubo sabuwa, rabinta da ƙari iska ce. Ta sama ta danne ta ƙasa, a hankali ta ƙanƙance, ta yi tauri, hawa bisa hawa, har sanyi ya wuce ta narke ta cika koguna. Farfesa yana so ya tsara lissafin da zai ba kwamfuta, wata ƙatuwar na'ura mai cin kati mai huji, ta riƙa faɗin yadda dusar za ta kwanta tun kafin ta kwanta. Domin haka duk mako sai ya ja gwiwarsa ya hau wani dutse a Scotland, ya kafa dogon bututu, ya yanko dusar daga sama har ƙasa ba tare da ya motsa hawa ko ɗaya ba, ya kawo ɗakin sanyi na kwaleji. Ya tara goma.

In an tambayi Nata'ala me ɗan Funtuwa zai yi da ilimin dusar ƙanƙara, ba ya ko ƙifta ido.

"Najeriyar yau ce fa. Ranar da gwamnati ta ga dama ta yi odarta, wa zai karɓe ta a tashar jirgin ruwa in ba ni ba?"

A aji kuwa ba ya gane komai. Sau uku yana ba kwamfuta katinsa tana tofo masa shi. Ga kwas zai ƙare ƙarshen Maris, biza ma haka. In yana son ƙarin shekara sai Farfesa ya rubuta masa takarda, ya kai wa Malam Zailani, jami'in da ke kula da ɗaliban jiha, sannan ya wuce ofishin shige da fice a Croydon. Matsalar ita ce tun watansa na biyu ya rubuta gida cewa ba zai dawo ba sai da Dokta a gaban sunansa, kuma labari ya iso masa cewa har an fara kwatance da gidansu, ana cewa ka wuce gidan Dokta ka yi dama. Wannan takarda ita ce ta hana shi sakat, gaskiya tsoro yake ji, amma bakinsa bai san da haka ba.

Ana cikin haka, a watan Janairu, aka ce saboda ƙarancin wuta manyan gine-gine kwana uku kawai za su riƙa samu a mako. Gidajen kwana ba a taɓa su ba. Farfesa ya shigo aji fuska a yamutse, ya ce za a kashe ɗakin sanyi, ko akwai mai babbar firiza a gida da zai riƙe masa bututun nan na mako biyu, kafin ranar da baƙi za su zo daga ƙasashe su gani?

Kafin ya rufe baki Nata'ala ya miƙe.

"Farfesa, tawa firizar mutum yana tsayawa a ciki da hularsa."

Yana da firiza kam. Ya saye ta ne don ya tafi da ita gida, irin mai murfi ta sama, ta ƙi shiga kicin sai a falo aka ajiye ta, matarsa Zinatu ta shimfiɗa mata leshi. Amma mutumin da zai tsaya a cikinta, sai dai in a kwance.

Jang ne ya kawo kayan a motar kwaleji har Plumstead, unguwar da Nata'ala ke zaune. Jang mutumin Jos ne, shi ke kula da ɗakin sanyin, kuma gidansa na uku daga na Nata'ala. Bai taɓa leƙa firizar ba, matarsa Chundung ce ke kai miya tana ɗaukowa. Ya sauke bututun goma a bakin ƙofa naɗe cikin barguna, yana sauri ya mayar da mota kafin a kulle get.

"Malam Nata'ala, abu uku. A tsaye za su zauna. Kada a girgiza. Kada a buɗe."

"Jang, ni za ka koya wa ajiyar kaya? Lokacin da nake karɓar buhu ɗari biyar a yini kana ina?"

"Ina makaranta, Malam. A tsaye dai."

Da aka yaye leshi aka ɗaga murfi, sai ga firiza cike har wuya. Duk 'yan Najeriyar layin nan ita ce rumbunsu. Ga kajin Zinatu, ga tukwanen miyar Chundung, ga rabin ragon Luba ta flat ɗin sama, wadda ƙanwarta ta haihu ana jiran suna. Nata'ala ya ce a kwashe. Zinatu ta aika aka kira masu kaya.

Luba ta sauko tana gyara mayafi. "Malam, ragon suna za a fitar saboda me?"

"Saboda ilimi."

"To ilimin za a soya wa baƙi ranar Asabar?"

Chundung ta shigo da kayan aikinta na nas, tana duba agogo. Ta leƙa bututu ɗaya ta gefensa mai garai-garai.

"Wannan ƙanƙara ne, Oga. Ƙanƙara za ka sa a firiza, ka fitar da nama?"

"Sista, wannan ba ƙanƙarar shan ruwa ba ce. Ta Scotland ce."

"Ko ta Urushalima ne. Ni ina da duty. In na dawo na ga miyata a waje, kai da Jang za ku yi explaining."

Ta fita. Aka matsa kaji, aka jingine rago, da ƙyar aka sami gurbin da zai ci bututu huɗu. Su ma da aka tsayar da su sai kawunansu suka fito sama da taƙi guda, murfi ya ƙi rufuwa. Ga falo da ɗumi, barguna sun fara jiƙewa.

Wani mutum da a nan zai ruga gidan Jang, ko ya buga wa kwaleji waya. Nata'ala sai ya zare murfin bututu ɗaya, wato ya karya doka ta uku, ya tura yatsa. Yatsan ya nutse ba ko gardama. Sai fuskarsa ta washe, irin washewar mutumin da ya haɗu da ɗan garinsu a tasha.

"Zinatu, zo ki ga abin kunya. Auduga ce ba a danna ba. Dattijon nan iska yake ta ɗaukowa daga Scotland da gwiwarsa mai ciwo."

"Malam, an ce kada a buɗe."

"An faɗa wa wanda bai san kaya ba. A fuloti buhu irin wannan ko kusa da sikeli ba ya zuwa. Miƙo min taɓaryarki."

"Taɓaryata ta dakan yaji?"

"Yau ta shiga jami'a."

Taɓaryar nan tun daga Funtuwa Zinatu ta riƙo ta, har da rigima a filin jirgi. Kamar don bututun aka sassaƙa ta, ta shige daidai. Nata'ala ya tuɓe riga ya rage singileti, ya hau duka. Kafin ya buga arba'in dusar da ta kai masa ƙirji ta koma ƙasa da gwiwa. Ya juye na biyu a kan na farko ya danna, ya ƙara rabin na uku. Takardun da Farfesa ya manna, masu kwanan wata da nauyi, ya ɓanɓare su ya tara gefe, don a ganinsa kaya iri ɗaya ne. Ya ɗauko alƙalami ya rubuta wa kowane bututu Lamba Ɗaya, yadda ya saba yi wa auduga mai kyau. Daga la'asar zuwa magariba goma sun koma huɗu, sun yi tauri kamar dutse, ya kwantar da su gefen rago, murfi ya rufu ruf.

Baturiyar da ke maƙwabtaka da su ta yi ta bugun bango har ta gaji. Washegari Chundung ta tare Zinatu a ƙofa.

"Jiya sakwara kuka daka ba ku aiko ba?"

Zinatu ta sunkuyar da kai. "Malam ne yake karatu."

Da a nan ya tsaya, da an ce ɓarna ɗaya ya yi. Amma malamin auduga ba ya sallamar kaya bai auna ba. Ya haɗa nauyin da ke takardun nan goma, ya ari sikelin banɗaki na Luba, ya ɗora bututunsa huɗu. Suka gaza. Darduma ta sha nata, singileti ta sha nata. A wurin Nata'ala ba abin da ya kai kayan da suka gaza awo zubar da mutunci. Sai dai shekara goma sha ɗaya yana kama manoma da dabarun cika nauyi, babu wadda bai sani ba. Ya ɗauko buta ya yayyafa ruwa. Bai isa ba. Ya sa wuƙa ya kankaro ƙanƙarar da ta taru a jikin firiza. Fara-farar ta ƙare, saura ta can ƙasa, inda wata tukunya ta taɓa tuntsurewa, ta yi ja-ja.

"Malam, wannan fa da launi," in ji Zinatu.

"Shi ya sa za ta shiga tsakiya."

Ya sassaƙe saman bututu ɗaya, ya zuba jar, ya mayar da farar a kai, ya bi da taɓarya. Haka manoman da yake kora daga fuloti suke ɓoye auduga mai datti a cikin buhu, kuma ya yi aikin da tsabta fiye da su. Sikeli ya cika cif.

Mako biyun nan Plumstead ba ta huta ba. A wurin sunan ƙanwar Luba, ana cin ragon da ya kwana da ilimi, Nata'ala ya tara maza yana zana musu lissafi a bayan faranti na takarda. Duka ɗaya na taɓarya, kwana ɗaya a kan dutse. Duka talatin, wata guda. Abin da Bature ke jira damina da rani, shi ya gama kafin a kira magariba.

Jang yana gefe da cinya a hannu, ya daina tauna.

"Malam, wace taɓarya?"

"Misali ne, Jang. Ku masu wankin kwalba ba ku san misali ba."

"Bututun suna tsaye?"

"Suna cikin kwanciyar hankali."

Jang ya nemi ya leƙa. Nata'ala ya tsaya gaban firiza ya harɗe hannu.

"Wa ya ce kada a buɗe? Ni ko kai?"

Daga nan ya wuce ofishin Malam Zailani da kansa ya gayyace shi taron, ya ce ya zo ya ga inda arzikin jiha ke tafiya. Ya kuma aika wa Jang cewa kada ya wahalar da motar kwaleji, tasi ta isa.

Ranar taro ɗakin lacca ya cika. Baƙi daga Norway da Switzerland a gaba, ɗalibai a baya, Malam Zailani a tsakiya da jakarsa a cinya. Farfesa ya riga ya zana dutse a allo, ya yi bayanin lissafinsa, ya ce yanzu za a kawo shaida: mako goma, hawa bisa hawa, yadda Allah ya kwantar da su. Yana ta duba ƙofa. Sai ga Nata'ala, babbar riga a kan kwat, direban tasi na biye da shi da kaya. Aka jera a tebur aka yaye bargo.

Jang ya ƙirga da ido. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Malam, huɗu nake gani. Ina shida?"

"Suna ciki."

"Cikin me?"

"Cikin huɗun."

Nata'ala bai jira Farfesa ya ba shi izini ba. Ya kwance wani dogon abu da ya naɗe da sallaya, ya ɗaga shi sama, ya gabatar da shi da Turancinsa na hedkwata a matsayin na'urar da aka yi a Najeriya. Ya ce ya lura Farfesa yana wahalar jiran dusa ta kwanta, kwamfuta tana wahalar hasashe, alhali ga hanya. Ya zayyana duka talatin wata guda. Har ya zura taɓaryar cikin bututu ya buga sau biyu don na baya su ji ƙarar taurin.

Lofen Farfesa ya zame daga bakinsa ya faɗi a tebur, bai ko bi shi da kallo ba. Ya ɗauki bututu ɗaya ya ɗaga wajen fitila yana neman hawa-hawansa. Babu ko ɗaya. Sai rubutu da manyan baƙaƙe, Lamba Ɗaya. Wanda ya ga fuskar dattijon nan a lokacin sai ya ji tausayinsa, domin sau goma ya hau dutsen nan da gwiwa ɗaya da rabi.

Wani baƙo ɗan Norway, mutum mai kirki, ya so ya rage nauyin lamarin. Ya turo ƙanƙarar bututu ɗaya kan tire, ya sa ƙaramin zarto ya raba ta biyu. Sai ya yi tsalle. A tsakiya ga wani layi ja, shimfiɗe daidai. Ya kira 'yan uwansa suka rufu a kai. Ya ce akwai wani ƙanƙanin tsiro da ke rina dusa ja, amma sai da zafi ake ganinsa. A same shi a tsakiyar Janairu, wannan sabon abu ne a ilimi.

Nata'ala, da ya fara neman ƙofa da ido, nan take ya dawo da rai. Ya gyara hula ya dubi Malam Zailani.

"Ranka ya daɗe, na gan shi tuntuni. Na bari ne su gano da kansu."

Ranar kuwa ranar wuta ce, an kunna abin ɗumama ɗaki har ƙarshe don a burge baƙi. Jan layin ya fara naso, ya fara maiƙo. Wani ƙamshi ya tashi wanda ba a taɓa jin irinsa a Bloomsbury ba. Ɗan Norway ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani abu a hankali, ya ɗaga shi sama yana tambayar ko akwai masanin tsirrai a ɗakin. Jang ya matso, ya sunsuna, ya lakata da yatsa ya kai baki.

"Sir, wannan manja ne. Wancan kuma kan kifi banda. Miyar matata ce, na san hannunta."

Ɗalibanmu na baya suka fara dariya, ɗaya ya faɗo daga kujera. Turawan suka yi ta maza na ɗan lokaci, sannan su ma suka sake. Nata'ala ya ɗaga taɓarya yana neman a saurare shi, yana cewa nauyi dai ya cika, a kawo sikeli a gani. Ba wanda ya kawo.

Farfesa bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya tsinci lofensa ya goge, ya tambayi Nata'ala a natse tsawon lokacin da aikin ya ɗauke shi.

"Yamma ɗaya, Farfesa. Daga la'asar zuwa magariba."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya zauna a gefen tebur, ya zaro takardar kwaleji ya yi rubutu layi uku, ya sa hannu, ya miƙa wa Malam Zailani. Nata'ala ya gyara tsayuwa. Takardar da yake nema wata da watanni ke nan, ga ta a gaban jama'a.

Malam Zailani ya sa tabarau ya karanta, sannan ya fassara masa da Hausa don kada a ce ba a gane ba.

"Ya ce kai ne ɗalibi na farko da ya gama lokacin sanyi guda a yamma ɗaya. Saboda haka bai ga abin da ƙarin shekara za ta ƙara maka ba."

"Ranka ya daɗe, ai yabo ne."

"Yabo ne. Ni ma na yaba. Zan yi maka booking na ƙarshen wata, ba sai ka wahala zuwa Croydon ba."

"To maganar Dokta fa? An riga an sani a gida."

Malam Zailani ya ninke takardar ya sa a jaka. "Kai da ka mayar da goma huɗu, Malam Nata'ala, rage suna ɗaya ba zai gagare ka ba."

Sanyin shekarar nan Landan ba ta ga dusa ba ko sau ɗaya, sai ruwa da duhu. Sai da safiyar da za su tafi, an riga an kai firiza tashar jirgin ruwa, Jang ya zo taya su fitar da akwatuna, sannan ta fara saukowa. Nata'ala ya tsaya a bakin ƙofa. Bai taɓa ganin tana zubowa ba, a bututu kawai ya san ta. Tana sauka a hankali a kan matakala, a kan shinge, a kan motar haya, wannan ta hau kan waccan ta kwanta, ba mai taɓa ta. Ya daɗe yana kallo, kunya ta kama shi sosai, irin wadda ba ta kama shi a ɗakin lacca ba.

Zinatu ta fito da jakar hannu ta tsaya bayansa. Ta dubi dusar, ta dubi mijinta.

"Malam, taɓaryar tana saman akwati, in ka ga dusar tana ɓata wa Allah lokaci."

Ya tattare babbar riga, ya raɓa ta gefen bango inda ba ta taru ba, ya shiga mota.